Daga Anka Zuwa Gummi Da Takardun Haraji A Jaka

Idan kana zaune a ƙasar waje, mai karatu, ka san akwai watan da barci ke ƙaurace wa idonka. Mu mazauna Ingila namu watan Janairu ne, domin ranar 31 ga wata da ƙarfe 12 na dare ake rufe karɓar bayanin harajin shekara ta intanet, wanda kuma ya makara ko da kwana ɗaya ne, tarar fam 100 ta hau kansa, ko da hukuma ba ta bin sa ko kwabo. Shekara 11 ke nan ina Birmingham. Albashina na kamfani tun daga tushe ake cire masa haraji, amma da yake ina tuƙa tasi a ƙarshen mako, kuma abin da nake samu a nan ya haura fam 1,000 a shekara, dole ne in cike fom da hannuna.

Bana wannan wata a gida ya same ni. Inna ta yi jinya a ƙarshen kaka, ƙanena ya bugo waya ya ce kullum sai ta tambayi yaushe zan zo. Na zuba rasidan mai da na inshorar mota a leda, na cusa kwamfuta a jaka, na taho da niyyar in ƙarasa aikin a ɗakin da aka haife ni. Zo ka raka ni hanyar da na bi, ko kana Jidda ko Landan ko Kumasi, domin na tabbata akwai abin da ya shafe ka a ciki.

Hanya

Daga Gusau za ka kama titin Sakkwato, ka wuce Bunguɗu da Maru, a mahaɗar Mayanci ka karya hagu. Wannan titin ne zai kai ka Anka, ya ratsa ƙasar Bukkuyum, ya bi ta Ɗaki Takwas har Gummi. Kada ka yi gangancin tashi da yamma. Direbobin tasha sun fi kowa sanin lokacin da hanya ke buɗe da lokacin da take rufe, kuma kafin su tayar da mota sai sun buga wa na gaba waya sun ji lafiya. In ka ga motoci sun yi cirko-cirko a bakin wani ƙauye, kada ka tambayi dalili da ƙarfi, ka zauna kamar kowa har a ga mota ta ɓullo daga can gaba.

Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe sararin sama, karan dawa a tsaye a wasu gonakin an yanke kawunansu, wasu gonakin kuwa ciyawa ce ta bushe a cikinsu, alamar ba a shiga da fartanya ba bana. Tun daga nan za ka fara gane gonar da aka bari a noma da wadda aka hana.

Anka da gwangwanin Kawu

Anka garin sarauta ne. Bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, gidan sarautar ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har ya zauna a Anka a farkon ƙarni na 19, shi ya sa har yau a nan Sarkin Zamfara yake, kuma mai riƙe da sarautar, Alhaji Attahiru Muhammad Ahmad, shi ne shugaban majalisar sarakunan jihar. Amma abin da zai fara tare idonka a garin yau shi ne yawan baƙin fuska: mata da yara da suka baro ƙauyuka, har ginin sabuwar fadar da ba a kammala ba ya zama masaukin 'yan gudun hijira.

A nan na kwana wurin Kawu, yayan Inna, wanda ya haura 80. Da dare ya ga na baje rasidai a tabarma ina haska su da fitilar waya, ya tambaye ni ko bashi ake bi na. Na ce haraji ne. Ya yi dariya har da tari, ya sa jikansa ya ɗauko wani tsohon gwangwanin alewa daga ƙarƙashin gado. Ciki ƙananan takardu ne sun yi ja, wasu da fam da sule, wasu da naira, kowacce da hatimi.

"Ɗana, mu munka ga haraji," in ji shi. "Mai unguwa shi tara, shi kai ma hakimi, hakimi shi kai baitulmali. In ba ka da shi, a shanya ka rana ƙofar gida, matanka na kallo."

Ya ce da an gama girbi maza ke watsewa cin rani, wasu Jos wurin haƙar kuza, wasu Kurmi, wasu har Kumasi da ƙafa, kuma abin da ke kora su ba ya wuce kuɗin haraji da tufafin salla. Kakana na wajen uwa sau uku yana zuwa Kumasi. Ka ga ashe zaman waje da haraji tsofaffin abokan tafiya ne a ƙasarmu, bambancin kawai shi ne su suna fita su nemo abin biya a gida, mu kuwa can muke nema, can muke biya.

Kukan ma tsoho ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su a littafinsa Kitabul Farƙ. Turawa da suka ci Sakkwato a 1903 sai suka tattara kuɗaɗen suka mai da su haraji na shekara-shekara ta hannun sarakuna. A 1979 gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali a jihohinsu, labarin da Kawu ya ce sun ji a rediyo suna ƙasar Sakkwato suna ta haɗiyar miyau, domin sai ranar 1 ga Oktoba 1996 aka yanke Zamfara ta zama jiha.

Na tambaye shi dalilin ajiye takardun har yau. Ya ce a zamaninsu wannan 'yar takarda ita ce mutuncin namiji a kan hanya, in ɗan doka ya tare ka a wani gari ita za ka nuna a san kai ba ɗan gudun haraji ba ne.

Zinariya da gubar dalma

Kafin ka bar ƙasar Anka, ka tuna a kan zinariya kake tafiya. A 2010 aka gano cewa dutsen da ake kawowa gida ana daka shi ana niƙawa yana ɗauke da gubar dalma, yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe fiye da shekara goma tana jinyar waɗanda suka tsira. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar a watan Afrilu 2019 saboda tsaro, ta ɗage haramcin a Disamba 2024. Za ka ga samari a kan babura, ƙura ta rufe su fari fat, da buhunan dutse a baya. Ni da nake ɗauke da ledar rasidan man fetur na fam 30 da fam 40 don kada in yi kuskuren kwabo, na tsaya ina kallon dukiyar da ke fita daga ƙasar nan mafi yawanta ba a rubuta ta a littafin kowa ba.

Bukkuyum: harajin da ba shi da rasidi

A Nasarawar Burkullu na sauka, inda ƙanena ya tarye ni da ɗan Goggo, wanda ke noma gonarmu ta gado a wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba. Ƙauyen ban je ba, su ne suka hana ni. Sun ce baƙo mai santsin fata ko sa'a ɗaya ya yi a can, labarinsa ya isa daji kafin ya sha ruwa.

Muna zaune a rumfar mai shayi na buɗe littafin da ƙanena ke rubuta duk abin da na aiko da abin da aka yi da shi. A watan Oktoba na ga naira 150,000 an rubuta "'yan ƙwadago". Na ce wane irin girbi ne wannan, gonar da ba ta kai haka ba? Suka kalli juna. Ɗan Goggo ya rage murya ya ce, "Yaya, ba 'yan ƙwadago ba ne. Rabon gidanmu ne na kuɗin da mutanen daji sunka aza ma gari. In ba a kai ba, ba mai yanke ko zangarniya guda."

Mai karatu, ka sha jin wannan a rediyo, ka sha karantawa cewa 'yan bindiga na ɗora wa ƙauyukan Zamfara miliyoyin naira kafin a yi shuka, da wasu kafin a yi girbi, kuma mutane da bakinsu haraji suke kiran sa. Ji daban, ganin kuɗinka a cikin lissafin daban. Na tuna daren Asabar ɗin da na yi ina ɗaukar fasinja har asuba na haɗa kuɗin nan. Raina ya ɓaci, na ce don me ba a gaya mini gaskiya ba, kuma ba su san da irin wannan kuɗi ake sayen harsashin da za a dawo a harbe su da shi ba? Ƙanena bai ɗaga murya ba. Ya ce sun sani. Ya tuna mini watan Janairu 2022, lokacin da aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kai 200. Ya ce, "Yaya, kai kana da inda za ka koma. Su ina za su?"

Ban sami amsa ba, har yau kuma ban samu ba. Dawar da aka yanke a gonar nan ita ce tuwon gida uku har damina, kuma daga cikinta ɗan Goggo ya fitar da zakka, ɗaya bisa goma tunda noman ruwan sama ne, ya raba wa waɗanda ba su sami shiga tasu gonar ba. Mutum ɗaya, a shekara ɗaya, ya biya na daji don tsoro, ya fitar da na Allah don imani, ga kuɗin tikiti a kasuwa duk ranar da ya kai buhu. A fom ɗin da ke cikin jakata kuwa akwai gurbin man mota, akwai na gyaran taya, babu gurbin da zan rubuta wannan naira 150,000.

Gummi da tambayar Inna

Da ka wuce Ɗaki Takwas ƙasa za ta fara sauka, iska ta canja, ka fara jin ƙamshin fadama. Gummi garin Gulbin Zamfara ne, garin shinkafa da kifi da ƙwarya, kuma ko a tsakiyar rani za ka ga kore a bakin ruwa. Sarkin garin, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, babban alƙalin babbar kotun Abuja ne kafin ya hau gadon sarauta a 2013. Gulbin da ke ciyar da garin shi ne kuma ke sa shi kuka: a watan Satumba 2024 kwalekwale ɗauke da manoma kimanin 70 ya kife suna hanyar zuwa gona, da yawa ba su dawo ba. In ka tsaya a mashigin da safe za ka ga har yanzu haka ake cika jirgin, mutane da babura da buhuna, domin gonakin suna tsallake.

Na sami Inna ta warware, tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta kiran sunana. Bayan gaisuwa da kuka da dariya, abin da ta fara tambaya ya ba ni mamaki. "Kai wannan, wai gaskiya na gwamnati za ta riƙa cire ma mutane kuɗi cikin banki? An ce duk abin da ka aiko sai sun ɗebi nasu." Ashe tun Disamba ta sa ƙanena ya kwashe ɗan abin da ke asusunta, ta ƙulle a ƙasan adaka, a garin da kowa ya san haɗarin ajiye kuɗi a ɗaki.

Abin da na gaya mata shi zan gaya maka, domin jita-jitar ta zaga gidaje da yawa. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji ranar 26 ga Yuni 2025, suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. Haraji a kan abin da mutum ya samu ta hanyar aiki ko sana'a ko haya yake, kuɗin da ɗa ya aiko wa uwarsa kyauta ne, babu haraji a kansa. Wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba, ba zai biya komai ba. Daga nan ake fara kashi 15 cikin ɗari a kan naira miliyan 2.2 da ke biye, a yi ta hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Washegari muka mayar da kuɗin Inna banki.

Kai da ke waje, ina ka tsaya?

Tambayar da ta fi shafar ka ita ce ko doka na kallon ka a matsayin mazaunin Nijeriya. Mazauni ana bin sa haraji a kan duk abin da ya samu a ko'ina a duniya. Wanda ba mazauni ba, abin da ya samu daga cikin Nijeriya kawai ake dubawa, kamar kuɗin haya ko ribar kasuwanci. Ma'aunin da kowa ya sani shi ne kwana 183 a cikin wata 12, shi ya sa na buɗe fasfo na ƙirga hatimin shiga da fita, na ga kwana 35 zan yi. Amma sabuwar doka ba ta tsaya a kwanaki ba, tana duba ko kana da gidan zama na dindindin a nan, da kuma ko iyalinka da harkokin samunka suna nan. Ni matata da 'ya'yana suna tare da ni, kuma akwai yarjejeniya tsakanin Nijeriya da Ingila tun 1987 da ke hana a karɓi haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya, tana kuma warware wace ƙasa ce mazauninka idan duka biyun sun yi iƙirari. Ɗan'uwanmu da ke Saudiyya, inda ba a cire harajin albashi, wanda matarsa da 'ya'yansa ke Bukkuyum a gidan da ya gina, shi ya fi kowa buƙatar ya zauna da akanta kafin ya ce ba ruwansa. Na Amurka kuma ya sani babu irin wannan yarjejeniya tsakaninta da Nijeriya, kuma in ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa, Amurka za ta ci gaba da neman bayaninsa duk shekara ko da ya dawo Gummi da zama.

Ka kuma san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Mazaunin Zamfara, kamar ƙanena mai shagon kayan masarufi, hukumar tara kuɗin shiga ta jiha a Gusau zai kai wa bayaninsa kafin 31 ga Maris, lambarsa ta NIN kuma ita ce lambar harajinsa. Wanda ba mazauni ba, hukumar tarayya ce ke da shi, wadda a da ake kira FIRS, yanzu NRS.

Ni abin da nake da shi a gida shaguna biyu ne a bakin kasuwa, hayarsu duka naira 240,000 a shekara, ba ta kai fam 150 ba. Ingila na kallon hayar gidan da ke waje a matsayin samu, amma tana yafe fam 1,000 na farko, don haka tawa ba ta kai a taɓa ba. In taka ta wuce haka, sai ka bayyana ta, kuma duk abin da ka biya Nijeriya a kanta za a rage maka a can, muddin kana da shaida a rubuce. Ka roƙi wanda ke karɓar maka haya ya sayi littafin rasidi, ya riƙa rubuta rana da suna da adadi, ya ɗauki hoto ya turo maka. Ka raba asusun da kake aiko wa gida da asusun haya ko kasuwanci. In ka haɗa su, ranar da aka tambaye ka ba za ka iya bambance kyauta da riba ba. Shekarar harajin Ingila daga 6 ga Afrilu take zuwa 5 ga Afrilu, ta Nijeriya daga Janairu zuwa Disamba, sai ka lura da wace haya ta faɗa wace shekara.

Daren 29 ga wata

Kuskurena shi ne barin aikin sai na zo gida. Shafin hukumar harajin yana turo lambar sirri ta waya kafin ya buɗe, layina na Ingila kuwa ya ƙi kama sabis a Gummi. Kwana uku ina fama. A ƙarshe matata ce ta shiga tsakani daga Birmingham, muka mayar da saƙon zuwa wayarta, tana karanto mini lambar ina bugawa kafin ta mutu. Na yi cajin kwamfuta a shagon mai sola, na hau soron maƙwabcinmu bayan sallar isha'i inda sabis ya fi ƙarfi, sanyi na kaɗa ni, ina jin injin ban ruwa na masu noman rani daga fadama. Ƙarfe 11 saura na ranar 29 ga Janairu saƙo ya shigo cewa an karɓa. In za ka zo gida a irin wannan lokaci, ka gama da fom ɗinka kafin ka hau jirgi.

Da na sauko na tarar Inna ba ta kwanta ba. Ta tambayi nawa suka ce in biya, na faɗa mata da naira. Ta riƙe haɓa ta ce, "To mi sunka yi maka da su?" Na ce jikokinta uku an haife su a asibiti ban biya ko sisi ba, suna makaranta kyauta, kuma ina fita aiki ƙarfe 3 na dare in dawo lafiya. Ta yi shiru, sannan ta ce in haka ne ba su cuce ni ba, ita ma da za a tsare mata hanyar gona da ta biya da murna.

Ranar komawa na sake tsayawa a Anka yi wa Kawu sallama. Ya zaro ɗaya daga cikin takardun gwangwanin, ta shekarar da aka haifi Inna ƙanwarsa ta fari, ya ce in tafi da ita in nuna wa yarana. Tana cikin ledar rasidaina yanzu. Kai ma in kana da labarin yadda kake fama da naka harajin a inda kake, ko yadda danginka ke fama da nasu a gida, rubuto mana, wataƙila wani ya tsira daga tara ko daga jita-jita ta dalilinka. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.